Wayar da Na Gasa wa Malam Habu

Jiya da hantsi wani saurayi ya shigo rumfata da ƙafar keke a kafaɗa, ya dire ta a gabana ya ce, "Baba Gasa-waya, waya biyu ce kawai ta tsinke, sa mini yanzu ina jira." Kawai fa ya ce! Na ɗaga ƙafar na duba cibiyarta, sai na ga irin miƙaƙƙiyar wayar nan ce ta kekunan gwanjo masu giya da kaurin taya, waɗanda aka ƙera don hawan dutse. Na ce ba ni da ita, kuma ko ya zaga Ɗanbatta kaf ba zai samu ba. Ya ce to ai waya waya ce, in ɗauki ta gida mai lanƙwasa in miƙe ta in sa masa mana. Ku da kuke zaman bencin nan kullum kuna shanye mini inuwar darbejiya, kun ga tsawar da na daka masa, kuka yi ta ƙyaƙyata dariya wai tsoho ya tashi da faɗa. To ba faɗa ba ne. Tunda kun iya kiran sunan nan, yau sai ku ji inda ya fito.

Amma ku fara sanin abin da ake magana a kai, don na lura a wurinku gyaran keke faci ne da famfo. Siraran ƙarafan nan da suka tashi daga cibiyar ƙafa zuwa gargare, su muke kira waya, kuma su ke ɗauke da ku da kayanku, ba taya ba. Iri biyu ce. Akwai tamu ta gado, mai lanƙwasa a kai kamar ƙugiya, ka zura ta a hujin cibiya ta maƙale da gwiwarta. Akwai kuma miƙaƙƙiya, wadda ba ta da gwiwa ko kaɗan, kanta kawai ke zama cikin wani gurbi da aka yi mata a jikin cibiya. Ba zan yi mata ƙarya ba, miƙaƙƙiya tana da kyan gani, kuma da yake mai ƙugiya a gwiwa take yawan karyewa, ita ta huta da wannan ciwon. Sai dai cibiyar ɗaya ba ta karɓar wayar ɗaya. Wannan shi ne abin da saurayin jiya bai sani ba, ni ma kuma na taɓa yin kamar ban sani ba.

Ƙafar farko da aka ba ni in ɗaura, ta wani mai sayen gyaɗa ce daga wajen Bagwai, baƙin keke mai nauyi irin na da. Lokacin na shekara biyu a hannun maigidana Malam Tanko, Allah ya jiƙansa, ban taɓa komai ba sai faci da wankin boris ɗin cibiya a kananzir. Ya zube mini waya talatin da shida a tabarma, ya miƙo mini ɗan makullinsa na tagulla wanda hannu ya lashe har yana ƙyalli, ya koma ya zauna yana cin goro. Na ɗaura, na juya ƙafar, na ga tana tafiya sumul, na kai masa ina washe baki. Bai ko kalle ta ba. Ya sa farce ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana kaɗawa kamar mai gwada garaya, kunnensa a kusa. Ya ce, "Wannan tana kuka, wannan tana barci, wannan kuma ba ta san an zo duniya ba. Kwance." Sau uku ina ɗaurawa yana sa ni kwancewa. A na huɗu ne na ji abin da yake ji: in ƙafa ta ɗauru, wayoyin gefe guda murya ɗaya suke yi, ƙil, ƙil, ƙil. Wadda ta yi dum, ko sako-sako take ko tana da ciwo.

Kayan aikinmu ba su cika ƙaramin akwati ba. Makullin waya, filaya, sifana uku, guduma, sai guntun alli. Muna da tsohon cokalin gaban keke da aka kafa a gungumen kuka, ƙafafunsa sama, a nan ake ɗora ƙafa a juya ta. Ka riƙe alli kusa da gargare, duk inda ya karkace sai allin ya shafe shi, ka saki nan kaɗan, ka ɗaure can kaɗan. Gungumen nan da kuke ɗora mini ƙafafunku a kai, shi ne.

Malam Tanko yana da doka ɗaya da duk masu gyaran layinmu suka sani: ba a barin mutum ya koma gida da keke a kafaɗa ranar kasuwa. Kalmar "babu" abin kunya ce a bakin mai gyara. Na ga ranar da wani mai kananzir ya zo da waya uku a tsinke, tsawon da muke da shi kuma ya fi nasa. Maigida ya ɗauki doguwar, ya datse kanta da filaya, ya lanƙwasa mata sabuwar ƙugiya da hannunsa, a sanyi, ba wuta ba komai, ya zura ya ɗaure. Mutumin nan ya shekara yana wucewa da garwa huɗu a baya yana ɗaga mana hannu. Da irin wannan muke alfahari, kuma mai ƙugiya tana yarda a yi mata haka.

Kai, zamanin keke ya yi daɗi! Ranar kasuwa tun da sassafe za ka ga kekuna jere daga nan har bakin masallaci. Ango ya zo da sabon kekensa bai ko cire ledar jikinsa ba, ya ɗaura masa tuntaye a kai, wai a ƙara masa ƙararrawa ta biyu. Malaman firamare sun naɗe ƙafar wando. Masu gyaɗa sun ɗora buhu biyu a kariya, wato maɗorin kaya na baya, ɗaya a tsakiya, suna turawa don ba wurin zama. Rumfuna bakwai ne a layin nan, kowa da aikin da ya fi ƙarfinsa, kuma in la'asar ta yi a kwano ɗaya muke cin ɗanwake.

Sai babur ya shigo. A hankali ya fara, sannan ya zo gaba ɗaya. Abokan aikina suka watse, wasu suka koma gyaran babur ɗin, wasu suka tafi Kano. Maigida ya riga ya rasu, rumfar ta dawo hannuna. Shekarar da zan ba ku labari, mu biyu muka rage a layin, sai in wuni ina korar ƙuda, in na ga keke ya doso in miƙe tsaye tun daga nesa kamar mai tarar baƙo. A wannan shekarar ce Malam Habu ya kawo mini kekensa.

Malam Habu dattijo ne mai karantarwa. Gidansa na nan bayan kasuwa, amma makarantarsa na Hayin Kuka, wani ƙauye a ƙetaren rafi, inda ya fi shekara ashirin yana zuwa kowace safiya ban da Alhamis da Juma'a. Magidanta yake koya wa, manoma masu furfura da suka fara karatu da girma, a gindin wata tsamiya. Gwiwoyinsa sun fara ciwo, baƙin kekensa ya yi masa nauyi a hawan gangaren rafin. 'Ya'yansa suka matsa ya ajiye zuwa Hayin haka nan, ya ƙi. Babban ɗansa Nasiru, da ke aiki a Kano, ya sayo masa keken gwanjo mai giya, mara nauyi, amma da sharaɗi. A gabana ya faɗa, ranar da suka zo in sa wa keken kariya: "Baba, ga keke. Amma duk ranar da ka faɗi a kansa, zuwa Hayi ya ƙare. Ka yarda?" Malam ya yi murmushi ya ce ya yarda.

Da damina ta yi nisa, wata ranar kasuwa, sai ga Malam yana turo keken, ƙafar baya tana rawa. Ya ɗauko rabin buhun gero a kariya, keken da ba a yi shi don kaya ba, waya huɗu ta tsinke. Na duba na ga miƙaƙƙiya ce. Na zazzage gwangwanayena kaf, na leƙa wajen maƙwabcina, babu ko ɗaya. Abin da ya kamata in ce a fili yake: Malam, babu, ka bar shi a nan in shiga Kano in nemo. Amma ya ce, "Ado, gobe da safe ina da darasi, kuma in yaran nan suka ga na dawo a ƙasa za a fara magana." Ni kuma ga dokar maigida a kaina, ga shi tun safe ban taɓa aikin kirki ba. Na ce, "Zauna, Malam. Ba a komawa da keke a kafaɗa daga rumfar nan."

Na zaɓi waya huɗu mai ƙugiya daidai tsawon, na ɓoye su a hannun riga, na zaga baya wurin mai shayi. Na tura kawunansu cikin garwashi na yi ta fifita har suka yi ja. Na ɗora a kan dutse na miƙe gwiwar da filaya da guduma, na tsoma a ruwa. Suka fito baƙi ƙirin. Na sa samfefa na goge baƙin tas har suka yi haske kamar sababbi. Wannan gogewar ita ta fi damuna har yau, domin wanda bai san ya yi laifi ba ba ya goge sawunsa. Na dawo na zura su, suka zauna a gurbin daram. Miƙaƙƙiya tana da wani hali, in kana ɗaure ta sai ta riƙa juyawa tare da makulli, dole ka cafke ta da filaya. Na cafke, na ɗaure, na bi da alli, ƙafa ta miƙe sumul. Sannan na sa farce na kaɗa. Sauran suka ce ƙil. Huɗun nan suka ce dum. Wallahi na ji, kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba. Na miƙa masa keken na ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam."

Ƙarfen da aka gasa ya mutu, ko da ido bai gani ba. Kwana tara suka yi. A na goma Malam yana gangarawa rafi da safe, ƙasa ta jiƙe, suka tsinke gaba ɗaya. Ƙafar ta karkace ta cije, keken ya watsar da shi, hannunsa na dama ya karye a wuyan hannu. Masu zuwa gona suka kai shi wurin mai ɗori, keken kuma aka kawo mini a amalanke. Na tsuguna na duba. Duk huɗun a wuri ɗaya suka rabu, daidai inda wuta ta ci. Na zare guntayen na zuba a aljihu kafin kowa ya matso.

Washegari na je dubiya. Na tarar da labari ya riga ya zaga cewa akuya ce ta gitta masa. Nasiru ya iso daga Kano, yana tsaye a zaure yana gaya wa mutane, "Ai dama na faɗa. Ido ya yi rauni, hannu ba ƙarfin riƙe birki. Shi ke nan kuma, Baba ya huta." Da jama'a suka ragu, Malam ya yafito ni da hannun hagu na matsa kusa. Ya ce a hankali, "Ado, ranar nan na ga ka zaga wurin mai shayi, ban kuwa ga ka dawo da shayi ba." Na rasa inda zan sa kaina. Ya ce, "Ni na matsa maka. Kana da iyali, kuma sana'ar nan suna ce. Akuya ce ta gitta, ka ji ko?" Na ce na ji.

Na yi mako uku da guntayen nan a aljihu. Sai wata ranar kasuwa wani dattijo daga Hayin Kuka ya tsaya a sa masa iska, yake ce mini har yanzu kowace safiya sukan shimfiɗa buzun Malam a gindin tsamiya, su zauna su ɗan maimaita abin da suka iya, su tashi. Ya ce, "Saura mana babi biyu mu sauke littafin. Ni shekarata sittin da wani abu, ban sani ba ko zan ga wani malamin." Ya hau kekensa ya tafi. Na zauna na auna abin da kyau. Muddin akuya ce, to laifin tsufan Malam ne, kuma ya bar Hayi har abada. In kuwa aka san waya ce, to Malam bai gaza ba, mai gyara ne ya cuce shi. Rufin asirin da ya yi mini, da makarantarsa ya yi shi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Na shiga motar Kano da gargaren a hannu. Kwana biyu ina tonon tarin tsofaffin kayan keke wajen 'yan gwanjo. Miƙaƙƙiyar waya na samu jefi-jefi, wannan ta yi tsawo, wannan ta gaza, ba wadda ta dace. Daga nan na daina nemanta, na koma neman cibiya mai karɓar ƙugiya, wadda giyar za ta hau, mai huji talatin da biyu daidai da gargaren. Na ƙirga huji har idona ya yi yaji kafin na samu. Na dawo na zauna a gungumen nan tun hantsi har la'asar, na ɗaura ta da sabuwar waya mai ƙugiya, kowace na tsallaka ta kan uku kamar yadda aka koya mini. Na kwance na sake sau biyu, ba wanda ya sa ni. Da na kaɗa, duk suka amsa da murya ɗaya.

Ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin da na san zauren Malam a cike yake kuma Nasiru yana gari, na tura keken har ƙofa. Na yi sallama, na durƙusa, na zaro guntayen nan huɗu na ajiye a tabarma gaban Nasiru. Na ce, "Ba akuya ba ce. Ga abin da ya kayar da mahaifinka. Wayar gida ce na gasa a wutar mai shayi na miƙe, na goge don kada a gane. Ko kai ne a kan keken nan ranar, da ka faɗi."

Malam ya ce, "Ado, ban ce ka yi shiru ba?" Na ce, "Ka ce, Malam. Na kasa." Nasiru ya ɗauki guntu ɗaya ya juya shi, ya ga baƙin da ya rage a bakin karayar. Ya miƙe tsaye. Ya ce, "Malam Ado, da a kan dutse ya faɗi fa? Da kansa ya bugu fa? Tsohon da ya yarda da kai!" Ba abin da ya faɗa da ba gaskiya ba. Sai wani tsoho daga lungu ya ce, "Wai gasawa ya yi? Waya? Sai ka ce masara!" Wasu suka tuntsire da dariya, wasu suka yi salati.

Nasiru ya nuna keken ya ce, "To wannan kuma me zai sa in yarda da ita?" Na ce a ara mini buhun gero. Aka ɗaure mini cikakken buhu a kariya, na hau, jama'a suka biyo ni a ƙasa har gangaren rafi. Na gangara da gudu na hauro, sau uku, ta cikin ramukan da ruwa ya haƙa. Na tsaya na ɗaga ƙafar na juya ta a gabansa, ba ta kauce ko da faɗin farce ba. Na ce, "In wata ta tsinke, kowane mai faci daga nan har Tofa yana da irinta a gwangwani." Nasiru ya matso. Ya karɓi keken ya tura shi cikin gida ya bar ni a tsaye.

Kafin kasuwa ta zagayo, sunan ya riga ni isa ko'ina. Ɗan aikin da ya rage ya koma rumfar maƙwabcina. Mutum zai doso da kekensa, wani ya raɗa masa magana, ya karkata ya wuce. Ragowar daminar nan da kaka, ƙodago na yi a gonakin mutane muka ci abinci. A bayan idona ake kiran sunan, in na juyo a yi shiru.

Don haka ku da kuke tambayata wace waya ta fi, ga amsata. In kekenka na wasa ne, kana zaune inda za ka samu irinta, hau miƙaƙƙiyarka lafiya lau, kuma ka nemi huɗu ko biyar daidai tsawonta ka ajiye tun kafin ta tsinke. In kuwa da keken nan kake zuwa gona, kake ɗauko gero, kake da inda ake jiranka kowace safiya, to sa a canja maka cibiya a ɗaura mai ƙugiya. Kuma duk mai gyaran da ya ce maka babu, ka gode masa. Ni sai da hannun bawan Allah ya karye na koyi faɗinta.

Malam Habu ya rasu shekaru bakwai bayan wannan, Allah ya gafarta masa, amma ba rasuwarsa nake son ku tafi da ita ba. Wata safiya bayan an gama girbi, wata biyu da 'yan kwanaki da zuwana zaurensu da guntayen nan, ina share gaban rumfar da ba mai zuwa, sai na ji ƙararrawa a bayana. Na juya. Malam ne a kan keken, littattafai ɗaure a kariya, wuyan hannunsa naɗe da ƙyalle, ya fuskanci hanyar rafi. Layin cike yake da masu shan shayi, kowa ya zuba ido. Ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya ɗaga murya yadda har na ƙarshen benci zai ji, ya ce, "Gasa-waya! Zo ka duba mini iskar nan, ɗalibaina suna jira."

Shi ne mutum na farko da ya kira ni da sunan nan a gaban idona. Na jefar da tsintsiya na ɗauko famfo, kuma tun ranar nake amsawa.